Yadda ake tara katunan gidan waya na gine-ginen zamani da suka shiga tarihin duniya

Katin gidan waya guntun kwali ne mai hoto a gaba, bayansa kuma akwai wurin adireshi da kan sarki da ɗan saƙo, ana jefa shi a akwati haka nan ba ambulan. An fara amfani da shi ranar 1 ga Oktoba, 1869, a daular Ostiriya da Hangari, kuma har gobe ana buga shi ana aikawa. Masu tara shi kowa da abin da ya sa a gaba: wani jiragen ƙasa, wani tsuntsaye, wani masallatai. Ni abin da na daɗe ina bi shi ne gine-ginen salon zamani waɗanda hukumar UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi na duniya.

Salon zamani a nan ba yana nufin duk wani sabon bene ba ne. Salo ne takamaimai da ya yi tashe daga wajen 1920 zuwa shekarun 1970, inda masu zanen gini suka ajiye ado da kwalliya suka rungumi kankare da ƙarfe da gilashi: rufin ɗaki shimfiɗaɗɗe, dogayen tagogi a jere, gini a ɗage bisa ginshiƙai ana wucewa ta ƙarƙashinsa. Mu mazauna Abuja ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Birnin da muke ciki a takarda aka fara zana shi, kuma Kenzo Tange na Japan, ɗaya daga cikin manyan wannan salo, shi ya tsara tsakiyarsa. Wanda ya saba bi ta tsakiyar gari da safe, in ya riƙe katin Baraziliya, babban birnin Burazil, a hannu, nan take zai ga dangantakar.

Kayan da za ka tanada

Ledojin saka kati, waɗanda ba na PVC ba. Ka nemi na polypropylene ko polyester, yawanci a jikin fakitin ake rubutawa. Girman da ya fi yawa a yanzu santimita 10.5 da 14.8 ne, tsofaffin katuna kuma 9 da 14. Idan ba ka samu ba, farin ambulan ko farar takarda mai tsabta a naɗe biyu za ta riƙe ka kafin ka samu.

Kwalin da kati zai tsaya a tsaye a ciki. Na musamman marar asid shi ne mafi kyau, amma kwalin takalmi mai ƙwari wanda aka shimfiɗa wa farar takarda a ciki ya isa mai farawa.

Gilashin ƙara girman abu, mai ninki goma. Masu gyaran agogo da masu gyaran waya a kasuwar Wuse sun san inda ake samunsa. Kyamarar waya ma tana ɗan taimakawa idan ka matso da ita sosai.

Fensir mai laushi, littafin rajista mai bangon kwali, buroshi mai laushi irin na masu zane, da 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ake samu cikin kwalin sabon takalmi ko jaka. Kada ka ƙara zubar da su.

Sai adireshin da wasiƙa ke iya iskewa, da waya mai intanet, da katin banki mai biyan kuɗin waje idan kana da niyyar saye. Wannan na ƙarshen ba dole ba ne, ana iya tara abu mai kyau da musaya kaɗai.

Mataki na 1: Ka rubuta jerin abin da kake nema

Kafin ka sayi ko kati ɗaya, ka buɗe shafin farko na littafinka ka jera wuraren, kowanne da ƙasarsa da wanda ya zana shi da shekarar da ya shiga jerin UNESCO. Ga waɗanda nake ganin su ne ƙashin bayan tarin:

Baraziliya, babban birnin Burazil. Lúcio Costa ya tsara garin, Oscar Niemeyer ya zana manyan gine-ginen, aka buɗe shi ranar 21 ga Afrilu, 1960, ya shiga jerin a 1987. Makarantar Bauhaus a Jamus, wadda Walter Gropius ya kafa a Weimar a 1919, aka gina mata mazauni a Dessau a 1925 zuwa 1926, ta shiga a 1996. Gidan Rietveld Schröder a Utrecht ta ƙasar Holan, ginin 1924, ya shiga a 2000. Gidan Tugendhat a Brno ta Jamhuriyar Cek, aikin Mies van der Rohe, 2001. Gidan Luis Barragán a birnin Meziko, 2004. Tsakiyar Le Havre a Faransa, wadda Auguste Perret ya sake ginawa bayan yaƙin duniya na biyu ya rushe ta, 2005. Gidan wasan Opera na Sidni, aikin Jørn Utzon, an buɗe shi a 1973, ya shiga a 2007. Masana'antar Fagus a Jamus, 2011, da ta Van Nelle a Rotterdam, 2014. Ayyukan Le Corbusier guda 17 a ƙasashe 7, 2016. Asmara, babban birnin Iritiriya, 2017. Gine-gine 8 na Frank Lloyd Wright a Amurka, 2019. Sai Kaunas ta Lituweniya, 2023.

Ba su ke nan ba, akwai jami'ar Karakas da ta Meziko da rukunin gidajen Balin da wasu. Ka bar fili a ƙasan shafin domin kwamitin yana zama yana ƙara sababbi.

Kuskuren da masu farawa suka fi yi a nan shi ne ɗaukar duk katin da aka rubuta sunan garin a matsayin ya cika gurbi. Katin da ya nuna gaɓar teku a Marseille ba katin Le Corbusier ba ne. Wanda kake nema shi ne dogon benen gidajen da ake kira Unité d'Habitation, wanda aka gama a 1952. Haka a Candigar ta Indiya, ba duk garin ne ya shiga jerin ba, rukunin majalisa da sakatariya da babbar kotu ne kawai. Kuma ba kowane ginin Wright ne ke cikin takwas ɗin nan ba: Fallingwater da gidan kayan tarihi na Guggenheim da ke New York suna ciki, wasu da dama ba sa ciki. Ka duba sunan ginin da kansa, ba sunan garin ba.

Mataki na 2: Ka zaɓi layi ɗaya ka bi

Wanda ya ce zai tara komai lokaci guda, kuɗinsa zai ƙare bai ga abin da ya tara ba. Akwai hanyoyi uku da na ga suna tafiya. Ko dai kati ɗaya daga kowane wuri har ka cike jerin, ko ka ɗauki mai zane ɗaya ka bi ayyukansa, ko ka ɗauki gari ɗaya ka bi shi shekara da shekaru.

Ta farko ta fi sauƙi kuma ta fi saurin faranta rai. Ta biyu tana koyar da ido, domin idan ka jera Villa Savoye ta kusa da Faris da majami'ar Ronchamp ta 1955 da gidan kayan tarihin Tokyo na 1959, za ka ga yadda hannun mutum ɗaya, Le Corbusier, ya sauya daga farin akwati mai santsi zuwa kankare mai kaushi. Amma a ganina ta uku ce mai daɗin gaske, kuma ita nake ba wa ɗan Abuja shawara ya ɗauka da Baraziliya ko Asmara. Baraziliya saboda tafiyarta irin tamu ce, an bar birnin bakin teku an koma tsakiyar ƙasa an fara daga fili. Asmara kuwa saboda a nahiyarmu take, kuma yawancin gine-ginen nan an yi su ne a shekarun 1930 lokacin mulkin mallakar Italiya. Gidan man Fiat Tagliero na 1938, wanda aka yi shi da siffar jirgin sama mai fukafukai biyu na kankare a miƙe ba ginshiƙi, in ka samu tsohon katinsa ka samu abin nuna wa baƙo.

Mataki na 3: Ka gyara adireshinka

Wannan shi ne inda aikin yake lalacewa tun bai fara ba. Da yawanmu a Kubwa, Lugbe, Nyanya ko Dutse muke, adireshin kuma bayan gidan mai ne ko kusa da masallacin Juma'a. Kati daga Holan ba zai gane wannan kwatance ba, kuma ba shi da lambar wayar da mai kawowa zai kira.

Mafita ita ce ka kama akwatin gidan waya. Ka je babban gidan waya na Area 10 a Garki ko wanda ya fi kusa da kai, ka tambayi yadda ake hayar akwati na shekara, ka tafi da katin shaida da hoton fasfo. Idan kuɗin ya yi maka nauyi, ku haɗa kai ku biyu ko uku. Idan wannan ma bai yiwu ba, ka nemi izinin amfani da adireshin ofis ko makarantar da kake aiki, amma ka yi magana da mai karɓar wasiƙu ya san cewa guntun kwali mai hoto saƙonka ne, ba tallar da za a jefar ba.

Ka rubuta adireshin da manyan baƙaƙe, layi-layi, da lambar yanki, da NIGERIA a ƙarshe. Ka rubuta cikakken sunan ƙasar domin a waje ana yawan rikita mu da Nijar. Sannan ka riƙa leƙa akwatin a kai a kai, kati in ya daɗe a ciki lokacin damina yakan lanƙwashe.

Mataki na 4: Ka tanadi abin da za ka bayar

Wannan harka ta ba-ni-in-ba-ka ce, kuma a nan muna da wata dama. Katunan Afirka ba su da yawa a hannun masu tarawa na Turai da Asiya, don haka kati mai kan sarkin Najeriya da hatimin Abuja yana da daraja a wurinsu. Masu bin jerin UNESCO kuwa abin da suka fi nema daga gare mu biyu ne: Sukur ta jihar Adamawa, wadda ta shiga a 1999, da kurmin Osun na Oshogbo, 2005.

Matsalar ita ce samun katin a shago. Ka gwada shagunan tsaraba na manyan otal-otal da filin jirgi da masu sayar da kayan sassaƙa da shagunan littattafai. Wani lokaci za ka tarar da tsofaffi a ƙasan kanta sun yi ƙura, ka saye su duka. Idan ba ka samu ba, ka buga naka. Ka ɗauki hoto mai kyau da kanka, da sassafe ko da la'asar sakaliya lokacin da rana ba ta tsakar ka, ka kai wa masu buga katin ɗaurin aure. Ka ce musu kwali mai giram 300 ko sama, girman A6, gaba mai sheƙi, baya kuma a bar shi ba sheƙi. Wannan na ƙarshen ka nanata musu, domin bayan da aka yi wa sheƙi ba ya kama biro, hatimi ma gogewa yake yi. A bayan a ja layi a tsakiya, a sa layukan adireshi a dama, a rubuta sunan ginin da garin a sama ta hagu.

Gargaɗi biyu. Kada ka ɗauko hoton wani a intanet ka buga, haƙƙinsa ne. Kuma kada ka ɗaga kyamara a kusa da fadar shugaban ƙasa ko majalisa ko barikin soja ko wani ginin gwamnati mai masu tsaro ba tare da izini ba. Dutsen Zuma, dutsen Aso daga nesa, Babban Masallacin Ƙasa, Cibiyar Kiristoci ta Ƙasa, ƙofar shiga gari, duk sun isa. Wanda tafiya ta kai shi Ibadan kuwa ya ɗauko ɗakin karatu na jami'ar, aikin Maxwell Fry da Jane Drew ne, mutum biyun da suka yi aiki tare da Le Corbusier a Candigar. A Ife ma Arieh Sharon, ɗalibin Bauhaus, shi ya tsara jami'ar. Ba sa cikin jerin UNESCO, amma duk mai son wannan salo zai yi murna da su, kuma ni ina ware musu sashe na musamman a kwalina.

Mataki na 5: Ka fara musaya

Hanya mafi sauƙi ita ce Postcrossing, shafin intanet na musayar katuna, wanda wani ɗan Fotugal mai suna Paulo Magalhães ya kafa a 2005. Rajista kyauta ce. Kana neman adireshi sai a ba ka na wani mutum a wata ƙasa tare da lamba mai farawa da NG. Ka rubuta lambar a jikin katin, ka aika. In ya isa, mutumin zai shigar da lambar, daga nan sai a ba wani adireshinka ya aiko maka. Sabon shiga yana iya samun katuna biyar a kan hanya lokaci ɗaya.

Ka rubuta lambar sau biyu a wurare daban-daban, nesa da kan sarki, saboda hatimi ko ruwa kan iya cinye ɗaya. A gidan waya ka ce kan sarki kake so a liƙa, ka kuma roƙi a buga hatimi a fili yadda za a karanta kwanan wata. Ka tambaya ko akwai kan sarki na tunawa da wani abu, masu karɓa suna son su ƙwarai.

A bayanin kanka ka faɗi abin da kake so a taƙaice: gine-ginen zamani na jerin UNESCO, ka lissafa biyar ko shida. Idan akwai irin hoton da ba ka son ya shigo gidanka, ka faɗa cikin ladabi, mafi yawan mutane suna kiyayewa. Sai dai ka sani buri ne kake faɗa, ba umarni ba. Wani zai aiko maka da hoton kyanwa ko furanni, ka shigar da lambarsa ka yi godiya. Abin da zai cika maka jerinka shi ne musaya kai tsaye, wato ka kunna alamar cewa kana yarda da ita, ka nemi mutanen Brno ko Utrecht ko Dessau ka ce ga abin da kake da shi ga abin da kake nema. Ka nuna hoton katinka tukuna, ku amince, sannan ka aika naka ba jinkiri. Ku kuma yi magana a kan ko a rubuce za a aiko shi da kan sarki, ko fari a cikin ambulan. Ni na fi son rubutacce daga garin da ginin yake, ko da zai zo da ɗan lanƙwasa a kusurwa, domin hatimin garin shi ne shaidar cewa katin ya fito daga can.

Wasiƙa tsakaninmu da Turai takan ɗauki makonni, wani lokaci fiye da wata. Kada ka zargi abokin musaya da wuri. Kuma ban da adireshin akwati, babu abin da ya kamata ka ba baƙo, ba lambar asusu ba, ba hoton katin shaida ba.

Mataki na 6: Saye, idan da hali

Tsofaffin katuna sai dai a saya. A kasuwannin intanet, Delcampe, wanda ke Beljiyam, ya fi yawan na Turai da na Afirka lokacin mulkin mallaka, eBay kuma ya fi yawan na Amurka. Ka nemi abu da harshen ƙasar: Asmara da kalmar Italiyanci cartolina, Baraziliya da postal, Dessau da Ansichtskarte. Sau da yawa kuɗin aikowa ya fi kuɗin katin, saboda haka ka tara biyar ko goma wurin mai sayarwa ɗaya a haɗo su a ambulan guda, ka kuma tabbatar yana aikowa Najeriya kafin ka biya. Kada ka sayi katin da ba a nuna hoton bayansa ba.

Wanda ba shi da katin biyan kuɗin waje yana da 'yan'uwa. Ɗalibin da ke karatu a Jamus ko Indiya, ɗan kasuwa mai zuwa Japan, abokin aiki da aka tura taro Faris: da yawa daga irin waɗannan gine-gine suna da ɗan shago a bakin ƙofa. Ka tura masa hoton ginin da sunansa a rubuce, ka ce ya sa katin a tsakiyar littafi kada ya cusa shi a aljihun jaka.

Mataki na 7: Ka koyi karanta kati

A nan ne mai tarawa yake bambanta da mai tara takardu. Yadda mai sayen sa a kara yake buɗe baki ya duba haƙora kafin ya yarda da shekarun da aka faɗa masa, haka za ka juya kati ka duba bayansa kafin ka yarda da abin da mai sayarwa ya rubuta.

Ka fara da hatimi. Kwanan watan da ke jikinsa yana gaya maka cewa katin bai gaza wannan shekarun ba, amma yana iya fin haka, domin kati yakan yi shekara goma a shago kafin a saya. Sai sunan ƙasa. Katin Brno da aka rubuta Cekoslobakiya a bayansa an buga shi kafin 1993. Katin Dessau mai DDR na lokacin Jamus ta Gabas ne, kafin haɗewar 1990. Adireshin madaba'ar Jamus mai lambar yanki guda biyar kuwa daga 1993 ne zuwa sama, kafin nan huɗu ne. Asmara ta fi kowa ba da labari: in ka ga rubutun Italiyanci da haruffan A.O.I., na tsakanin 1936 da 1941 ne; in ka ga an rubuta Asmara, Ethiopia, na zamanin da take ƙarƙashin Habasha ne; in kan sarkin na ƙasar Eritrea mai cin gashin kanta ne, na shekarun 1990 ne zuwa sama.

Daga nan ka koma gaban katin ka duba ginin da kansa, domin gini ma yana da shekarun da ake ganewa. Babbar majami'ar Baraziliya mai ginshiƙai 16 masu lanƙwasa ta yi shekaru a tsaye ginshiƙan kawai, ba gilashi, iska na ratsawa, sai a 1970 aka buɗe ta. Katin da ya nuna ta a haka, da jar ƙasa kewaye da ita ba ciyawa, na shekarun 1960 ne. Ginin Bauhaus na Dessau ya yi rauni a yaƙi a 1945, kuma sai a 1976 aka mayar masa da katafaren bangon gilashinsa. Idan ka ga katin da babu wannan bango, kada ka ce ba ginin ba ne, shi ne a tsakanin waɗannan shekaru, kuma irin wannan kati ya fi wanda ake sayarwa yau wuyar samu. Motocin da ke gefen titi, girman bishiyoyi, tufafin masu wucewa, duk suna taimakawa.

Sai ka ɗauko gilashinka. Ka ɗora shi a wuri mai duhu-duhu na hoton, kamar inuwar ƙarƙashin baranda. Idan ka ga ƙananan ɗigo-ɗigo a jere, bugun madaba'a ne. Idan ba ɗigo, launin yana tafiya sumul daga fari zuwa baƙi, hoton gaske ne da aka wanke a kan takardar hoto, kuma sau da yawa za ka ga sunan kamfanin takardar, Agfa ko Kodak, a wurin liƙa kan sarki. Irin wannan ya fi tsada. Abin da za ka kiyaya shi ne sabon bugu na tsohon hoto: gaba baƙi da fari kamar na 1930, baya kuwa fari fat mai lambar nan ta zane-zane da ake dannawa a kanti, ko adireshin intanet. Ba laifi ba ne ka mallake shi, amma kada ka biya shi kuɗin tsoho.

Mataki na 8: Rajista

Duk katin da ya shigo, ka rubuta shi a ranar: lambarka, sunan gini, gari, mai zane, madaba'a, kwanan hatimi, daga wa ya zo, nawa ka biya, da yanayinsa. Ni ina amfani da lambar da UNESCO ta ba wurin sannan in ƙara tawa, misali Baraziliya 445 ce, Asmara 1550, don haka katin Asmara na uku ya zama 1550/3. Lambar a jikin leda ko ambulan ake rubuta ta. In dole sai a jikin kati, to da fensir, a kusurwar baya, ba dannawa. Ka ɗauki hoton gaba da baya ka ajiye a waya, zai hana ka sayen abu sau biyu.

Mataki na 9: Adanawa

Abuja tana da abokan gabar takarda guda biyu, kowanne da lokacinsa. Daga Afrilu zuwa Oktoba danshi ne, wanda ke kawo fumfuna da ɗigon ruwan ƙasa-ƙasa, yana kuma sa katuna masu sheƙi su manne da juna. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuma ƙurar hunturu ce da bushewa, kati ya lanƙwashe, ƙurar ta karce fuskar hoton idan aka goge ta da tsumma. Buroshi ake sa wa, a hankali, daga tsakiya zuwa gefe.

Kowane kati da ledarsa, a tsaye cikin kwali, ba a cushe ba kuma ba a sake ba har ya kwanta. Ka raba wurare da guntun kwali mai suna a sama. Ka jefa ƙullin tsotse danshi uku ko huɗu a kusurwa, kana sauya su. Kwalin ya zauna a saman kanta cikin ɗakin da ake kwana, ba a ƙasa ba, ba a jingine da bangon da ruwa ke duka ba, ba a sito ko kusa da kicin ba. Gara da kyankyaso suna son kwali da gam ɗin kan sarki, saboda haka ka riƙa buɗewa kana dubawa ko da sau ɗaya a wata, musamman a Agusta.

Abubuwan da ba a kusantar da su ga kati: salatif, gam, abin maƙala takardu na ƙarfe, robar ɗaure kuɗi, da albam ɗin hotunan biki mai shafi mai danƙo. Laminatin kuwa kashe kati ne gaba ɗaya, ba a iya cire shi, kuma babu mai tarawa da zai karɓe shi a musaya. Kada ka ɓanɓare kan sarki daga jiki don ka tara shi daban, ka raba katin da shaidarsa ke nan. Ka wanke hannu ka bushe shi kafin ka taɓa, musamman bayan cin abinci mai mai ko shafa turare, ka kuma riƙe shi ta gefe.

Idan kana son rataye wani a falo, ka sa a yi maka kwafi mai kyau ka saka a firam, na ainihin ya zauna a kwali, domin hasken rana yana cinye launi cikin 'yan watanni, ja da rawaya su ne farkon tafiya. Katin da ya zo da warin danshi ko alamar fumfuna kuma kada ya shiga cikin sauran. Ka shimfiɗa shi a kan farar takarda a inuwa, inda iska ke wucewa, na kwana biyu ko uku, ka share shi da buroshi a waje, sannan ka ajiye shi a ambulan nasa shi kaɗai har damina ta wuce ka ga ko tabon ya tsaya.